Kunnuwan Kabewar Inna

Shekarar da aka kawo ni gidan Malam, garin nan bai zama Suleja ba tukuna. Abuja muke ce masa, ko da yake rediyo ta fara maganar za a karɓi sunan a kai wa sabon birni. Maza na ta wannan zance a zaure, ni ko a jikina. Abin da ke raina shi ne wani ɗan ƙullin tsumma da ke can ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan aure.

Ƙwayar kabewa goma ce a ciki. Inna, mahaifiyata, ita ta ƙulla mini da hannunta ranar da za a taho da ni daga ƙauyenmu na bayan Sabon Wuse. Kabewar nan a wurin uwarta ta gaje ta, kuma ban taɓa cin irinta a ko'ina ba. Bayanta toka-toka ne mai tsaga, ba ta da wani kyan gani, amma in aka fasa cikin ja ne kamar manja, ga gari, ga zaƙi, miyan taushe ba ya neman komai bayan ita. Inna ba marowaciya ba ce. Duk wanda ya shigo gidanmu da kaka sai ya fita da yankin kabewa. Amma kafin ta miƙa sai ta sa cokali ta kwashe 'ya'yan tas, har ta ɗaga yankin ta duba ko ɗaya ta maƙale. Matan ƙauyen sun yi roƙo sun gaji, sun yi gori sun gaji. Ni kaɗai ce 'yarta mace, saboda haka ni kaɗai na samu.

Da ta sa mini ƙullin a hannu ta ce, "Ki shuka, ki ci, ki ajiye iri. Kada ki ba kowa sai 'yar da kika haifa."

Gidan Malam a Kurmin Sarki yake, da rijiya a tsakar gida da ɗan fili a bayan madafa. Mu uku ne: ni, da mijina Malam da ke koyarwa a firamare, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Gwaggo. Gwaggo mai kiwon kaji ce, ta fi sanin halin kowace kaza a gidan fiye da yadda ta san halina. Muna zaman lafiya, sai dai kunya ta hana mu sakewa da juna. Ni kuwa a lokacin shekaruna goma sha takwas, ga gaggawa ga saurin fushi. Har yau ban rabu da su duka ba, amma na rage.

Ruwan farko na sauka na ɗauko fartanya. Gwaggo ta ce in bari a yi na biyu, na farko mayaudari ne. Na ce to, na kuma ci gaba da abin da nake yi. Na zauna a bakin rijiya na kwance ƙullin a cinyata, na zagaya bayan madafa na yi gurbi goma, na bi ina jefa ƙwaya ɗaiɗai don kada in yi asara. Da na zo gurbi na ƙarshe hannuna babu komai. Na kakkaɓe tsumman, na kakkaɓe zanena, na bi hanyar da na biyo a durƙushe. Babu. Wani jan zakaran Gwaggo na tsaye yana kallona da ido ɗaya, nan take na yanke masa hukunci. Ban iya faɗa a fili ba saboda mai shi na kusa, amma a zuciyata na soya shi ya fi sau goma.

Kwana shida ina zarya. A na shida da hantsi na ga ƙasar gurbi ɗaya ta tsage, wani ɗan wuya fari ya leƙo a lanƙwashe. Kafin la'asar huɗu sun fito, washegari duka tara. Wanda bai taɓa shuka kabewa ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Ba ta fitowa a raɓe kamar gero. Kunnuwa biyu take buɗewa, masu kauri, kore shar, kowane kamar babban yatsa, ta shimfiɗa su a rana. Ɗaya ta fito da ɓawonta a ka, ya matse mata kunnuwan. Na jiƙa yatsa da ruwa na tausasa shi na zare a hankali, ina riƙe numfashi, kunnuwan suka rabu a gabana. Ban san lokacin da na yi guɗa ba, ni da ko dariya mai ƙarfi ban taɓa yi a gidan ba. Na je na janyo Malam da kofin kokonsa a hannu, ya tsaya ya duba ya ce lallai kabewa ce. Haushi ya kama ni, na ce to da me ya zata, rogo?

Daga ranar na zama 'yar bayan madafa. Tuwo ya kama sau biyu a mako ɗaya. Na kewaye wurin da ƙaya saboda kaji. Duk matar da ta shigo gaishe da Gwaggo sai na ja ta ta ga shukata, ina ba ta tarihin kabewar tun daga kakata, ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Ana cikin haka wata 'yar ƙauyenmu mai kawo daddawa kasuwa ta biyo da saƙon Inna. Wai da ta sauko da goran da take ajiye iri don ta yi shuka, sai ta tarar ɓeraye sun huda shi ta gindi sun cinye komai, sai ɓawo. Ta ce a gaya mini ba wani abu ba ne, amma in Allah ya sa tawa ta yi, in tuna da ita. Na san Inna. In ta ce ba wani abu ba ne, to ba ta ci abinci ba ranar. Matar na fita na zagaya na tsaya a kan gurbin nan tara. Duk duniya babu sauran kabewar kakata sai waɗannan, kuma a hannuna suke. Tsoro ya kama ni, amma in faɗi gaskiya daɗin ya fi tsoron yawa. Ni da aka aurar jiya-jiya, yau ni Inna ke jira. Har na fara ganin kaina ina sauka daga mota da kabewar da sai mutum biyu sun ɗauka.

Sai ruwa ya ɗauke, kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Ba ta tuna mini ba, ta dai riƙa kallon sama tana kallona. Na koma ban ruwa da ɗan kwano safe da yamma.

A shekarar ne rediyo ke ta kiran kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne, takin zamani kuma ya fara shiga hannun mutane. Malam ya zo da rabin buhu daga makaranta saboda 'yar masarar da ya shuka a gefen filin. Fari ne tas, tsaba-tsaba, in ba a gaya maka ba ka ce na dafawa ne. Ya ce masarar makaranta da aka sa wa bara ta fi hedimasta tsawo. Na ga yadda yake sawa: ya cika akwatin ashana, ya raba wa gindi da yawa, yana tona ɗan rami nesa da shukar yana binnewa. Na tsaya ina kallo ina dariya a ciki. A gidanmu taki da kwando ake zuba shi. Inna kan juye kashin awaki a gindin kabewa har ya yi tudu, kuma wanda ya fi zubawa shi ya fi kwasa. Wannan awon akwatin ashana na ɗauke shi tsumulmular 'yan boko.

Ranar da Gwaggo ta tafi suna maƙwabta, Malam na makaranta, na buɗe buhun. Ban tambaya ba, don na san zai kawo mini ashanarsa. Kowace shuka na ba ta cikin hannu guda, na tara mata a wuya sosai inda za ta same shi ba wahala, na rufe da ƙasa don kada a gani, na yayyafa ruwa. Na ɗaure buhun yadda na same shi. Ranar har waƙa na yi ina tuƙa tuwo.

Kwana biyu bayan nan na zagaya da safe na ga kunnuwan sun canza. Gefensu ya fara naɗewa ciki kamar bakin tsohuwar tabarma. Na ce rana ce, da yamma za su saki. Ba su saki ba. Washegari naɗin ya ƙaru, bakin ganyen ya yi ruwan ƙasa, in na taɓa sai in ji ya bushe. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta kawo mini takin ba. Taki ai abinci ne, wa ya taɓa jin abinci ya kashe shuka? Abin da na gani shi ne suna jin yunwa. Na faki ido na ƙara wa uku da suka fi jin jiki wani cikin hannun.

Gidan ya rikice da bincike. Malam ya ɗauko littafin aikin gona na makaranta, ya durƙusa yana duba hoto yana duba ganye. Hotunan duk na shuke-shuken da ban taɓa gani ba ne. Ya buɗe nan ya buɗe can, daga ƙarshe ya tsaya a wani shafi ya kira sunan wata cuta da Turanci, ya ce tana naɗe ganye kuma tana yaɗuwa. Maganinta a littafin shi ne a tumɓuke waɗanda suka kamu a ƙona. Na tambaye shi nawa suka kamu a cikin tara. Ya duba ya ga duka ne. Ya ce to a fara da biyar da suka fi lalacewa, ko a tsira da huɗu.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce duk wanda ya taɓa mini shuka ɗaya ya nemo motar da za ta mai da ni gidanmu. Na ce littafin da bai san kabewa ba ba zai yanke wa kabewar Inna hukunci ba. Malam mutum ne mai sanyi. Ya rufe littafin ya ce zai bar ni zuwa Asabar, in ba su farfaɗo ba zai yi abin da ya dace ko ina so ko ba na so. Ranar Laraba ce.

Gwaggo kuwa ta ce ba cuta ba ce, baki ne. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an mai da shuka amarya ana kiran mutane kallo ba, kuma a cikin matan da na ja bayan madafa ba kowa ya ce tubarkalla ba. Ta fara lissafa su. Maganin shi ne a kafa sanda a tsakiyar shukar a kifa mata tsohuwar baƙar tukunya, ido ya sauka a kan tukunyar ya bar ganye. Sai dai tukwanen gidan duk masu rai ne, ba ta yarda a ɓata ko ɗaya ba. Ni kuma a raina ina zargin kajinta, ina zargin zakaran nan musamman, ko da yake ban san yadda zakara zai naɗe ganye ba. Kwana biyu ina kumbure-kumbure, ina ajiye kwano da ƙarfi, ba wanda na bari ya sha iska.

Ranar Juma'a da hantsi wata tsohuwar Bagwariya mai sayar da tukwane ta yi sallama. Ƙawar Gwaggo ce ta shekaru, takan biyo duk lokacin da ta shigo gari, da kayanta a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Gwaggo ta tambaye ta ko tana da fasasshiyar tukunya da ta sha hayaƙi. Tsohuwar ta ce me za a yi da ita. Da aka gaya mata, ta sauke kayanta a bakin rijiya ta ce a nuna mata marasa lafiyar tukuna. Malam ya dawo da wuri saboda masallaci, shi ma ya biyo mu.

Ban taɓa ganin wanda ya duba shuka kamar yadda matar nan ta duba ba. Ba ta yi gaggawa ba. Ta zauna dirshan a ƙasa, ta juya kunne ɗaya ta leƙa bayansa, ta shafa da yatsa ta duba yatsan. Ta ce babu ƙwari, in da su ne da an gan su a manne a nan, da kuma ganyen ya yi danƙo. Ta tambaye ni ko da sassafe kafin rana ta fito suna buɗewa. Na ce a'a. Ta ce to ba rana ba ce, wanda rana ta naɗe raɓa na kwance shi. Ta tambaya ko sun fito da ɓawo a ka ne ya matse su. Na ce ɗaya ce kawai, kuma na cire. Ta matsa karan a hankali daga inda ya shiga ƙasa, ta ce bai ruɓe ba, ba yawan ruwa ba ne. Haka ta yi ta kawar da zato, kamar ana buɗe ɗakuna ɗaya bayan ɗaya ana neman ɓarawo.

Malam ya kawo maganar cutarsa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi, da Hausarta mai nauyin harshensu, ko cutar tana tsoron rijiya ne. Bai gane ba, mu ma ba mu gane ba. Ta miƙe ta ce mu zo.

A bayan dutsen da muke ɗora guga, inda ruwa ke zuba kullum, ta nuna da ƙafa. Shukar kabewa ce guda, kunnuwanta a shimfiɗe, kore shar, har ta fitar da ganye na uku mai gashi-gashi. Ta gan ta tun lokacin da take sauke tukwane. Ƙwayata ta goma ce, wadda ta faɗi daga cinyata ranar shuka. Kullum sai na tsaya a wurin sau biyar, ban taɓa kallon ƙasa ba, hankalina na bayan madafa. Na durƙusa a gabanta ina dariya hawaye na zuba. Zakaran da na soya a zuciyata na can yana tonon shara, bai san an wanke shi ba.

Tsohuwar ta ce, "Iri ɗaya, gida ɗaya, rana ɗaya. Wannan ba wanda ya kula da ita, ga ta lafiya. Waɗancan me kuka ba su?"

Ta koma bayan madafa ta sa yatsa ta tona gindin ɗaya daga cikin ukun da na ƙara wa. Ta ɗebo ƙasar ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe ta tofar. Ta ƙara tonawa, sai ga farin abu ya fito a dunƙule, rabi ya narke, manne da karan. Ta ɗora a tafin hannu ta miƙa mana. A nan ne na gane, tun kafin ta yi magana. Ta ce wannan abin gishiri ne a wurin shuka. Babba ma in ya taɓa jikinta ƙona ta yake, balle jaririya mai kunne biyu, ga ba ruwan sama da zai wanke. Yana janye ruwan jikinta ne, shi ya sa take naɗewa.

Kafin in buɗe baki Malam ya yi gyaran murya. Ya ce laifinsa ne. Wai da ya ji saƙon Inna ya ga yadda na damu, sai ya sa wa kowace ɗan kaɗan ranar da nake wanka, bai gaya mini ba don yana so in ga sun yi kyau in yi mamaki. Ya cire hularsa yana juya ta a hannu, ya ce in yafe masa.

Ga hanya ta buɗe mini. Da na yi shiru da shi ke nan, har in samu abin gori na shekara guda. Na kuwa yi shirun na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. Tsohuwar ta ci gaba da tono, ta gano ɗan ramin Malam can nesa da karan, da 'yan ƙwayoyin da ba su cika farce ba. Ta dubi wannan, ta dubi tulin da ke hannunta, ta dube ni. Ba ta tona mini asiri ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Na ce, "Iya, ba nasa ba ne. Ni ce. Cikin hannu na zuba wa kowace, waɗannan uku kuma sau biyu."

Malam ya maimaita "cikin hannu" a hankali, kamar yana fassara wa kansa. Na sunkuyar da kai ina jiran Gwaggo ta yi mini tatas, don na san na ci bashin faɗa a kwana biyun nan. Sai na ji wani sauti, na ɗaga ido na ga ta toshe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta iya cewa a tona ɗaya gefen ma. Aka tona, sai ga ɗanyen kashin kaji cakuɗe da toka. Kullum in ta share akurki sai ta faki idona ta kai musu. Ta ce ta ga yarinya ta ƙwallafa rai, ta ce bari ta taimaka a ɓoye kada a ce suruka ta sa hannu a shukar amarya.

Tsohuwar ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce lallai baki ne ya kama kabewar nan, bakin mutum uku masu ɗura. Ranar ce na fara yin dariya da Gwaggo har muna riƙe juna.

Amma dariya ba ta warkar da shuka ba. Na tambayi tsohuwar ko akwai sauran rai. Ta ce in daina kallon kunnuwan, su sun riga sun tafi, ko lafiya ƙalau suke dama faɗuwa za su yi. Ta buɗe tsakaninsu da farce ta nuna mini wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gero. Ta ce nan zan duba. Wadda nata ke kore tana da rabo, wadda nata ya yi baƙi sai haƙuri. Muka bi su tare: shida kore, uku baƙi. Ukun nan su ne waɗanda na fi jin tausayinsu.

Ta sa muka kwashe ƙasar saman da hannu, a hankali don kada mu taɓa saiwa, muka zubar can bayan katanga, muka kawo sabuwa daga inda ba a taɓa sa komai ba. Sannan ta ce ruwa, ba da ɗan kwanona ba, a zuba har ya ratsa ya wuce da gishirin ƙasa, a bari ya tsane a sake. Malam ya tafi masallaci ya dawo ya tuɓe rigar Juma'a ya kama guga. Yana ja, ina ɗauka, Gwaggo na zubawa ta cikin tsintsiya don kada ƙarfin ruwan ya kwantar da su. Muka yi ta yi har la'asar, hannuna ya yi bororo ban ji ba. Tsohuwar ta ɗauki kayanta ta tafi, ba ta bar mana fasasshiyar tukunya ba, amma Gwaggo ta samo wani kasko a maƙwabta ta kifa a kan sanda, ta ce ba a sani ba. Ba wanda ya hana ta.

Asabar ta zo ta wuce, Malam bai ɗauko maganar tumɓukewa ba, littafin ma ban sake ganinsa a gidan ba. Cikin shidan nan biyu suka bi ukun farko. Na yi kuka a kansu sosai, don na san hannun da ya kashe su. Huɗu suka tsaya kwana da kwanaki ba gaba ba baya, kunnuwan suka bushe suka faɗi, na ce shi ke nan. Sai wata safiya na ga ɗan tsiron tsakiya na ɗaya ya buɗe, ganye ne sosai mai yatsu, ɗan ƙarami, a miƙe. Wannan karon ban kira kowa daga waje ba. Na shiga na kamo hannun Gwaggo kawai, ta zo ta duba ta ce tubarkalla har sau uku. A makon ruwa ya dawo.

Ta bakin rijiya ita ta fi kowa. Ta bi katanga ta haye rufin madafa, sai da muka canza wurin ajiye guga saboda ita. Da kaka muka sauke kabewa goma sha ɗaya. Ba wadda sai mutum biyu sun ɗauka, amma kowace toka-toka ce mai tsaga.

Na zaɓi babbar na naɗe a zane, Malam ya sa ni a motar Sabon Wuse, daga nan na ƙarasa a ƙafa da ita a ka. Inna ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ɗauko wuƙa ta fasa, cikin ya bayyana ja, ta tsaya tana kallo. Ta kai hannu za ta kwashe 'ya'yan, na ce ta dakata. Na ciro tsumman nan nata daga ƙugu, na riga na ƙulle shi tun a gida da busasshen iri, wanda na zaɓa ɗaya bayan ɗaya daga ta bakin rijiya. Na sa mata a hannu na ce ta shuka, ta ci, ta ajiye iri, kuma ta nemi goran da ɓera ba ya hudawa.

Ta kai mini duka da bayan hannu tana dariya, idonta ya cika. Ta tambaya ko sun ba ni wahala. Na yi niyyar cewa a'a, sai na ba ta labarin duka, har cikin hannun da na zuba da biyar da na kashe. Ta saurara tana juya ƙullin a tafinta. Da na gama ta kwance shi, ta ƙirga ƙwaya goma ta ware gefe, ta yage bakin zanenta ta ƙulle su ta ba ni. Na ce ai ina da nawa a gida, tulu guda.

Ta ce, "Wannan ba naki ba ne. Ki kai wa mai tukwane."